Jan Ƙyallen da Na Gani Na Kasa Shaida

Assalamu alaikum Edita, da dukkan masu bibiyar wannan fili. A shekarun da kuɗin mai ya fara tumbatsa a ƙasar nan, ni saurayi ne sabon fitowa daga jami'a, da takardar digiri a kan injinan noma. Ni ɗan manoma ne daga wani ƙauye a gefen Yargoje, kuma iyakar sanina ni ne na fara kai wannan matsayi a danginmu. Wannan ya sa na shiga aikin gwamnati da tsoro fal cikina. Ba na makara, ba na sa hannu a takarda sai na karanta ta sau uku, kuma ba abin da nake gudu kamar a ce na yi kuskure a rubuce. Saboda haka na saba da wata irin magana wadda ba ta kama kowa: mai yiwuwa, wataƙila, ba za a rasa ba, sai an ƙara bincike. A lokacin ina ɗaukar wannan a matsayin natsuwa da ilimi. Yau da furfura ta cika min kai, in na tuna abin da wannan hali ya jawo wa wani bawan Allah, raina ɓaci yake yi har in kasa cin abinci. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

An tura ni wata ma'aikatar ayyukan noma da ke kula da ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka ba ni garejin gyaran taraktoci da tireloli. A can na tarar da wani dattijo mai walda, mutumin Mairuwa, wanda kowa ke kira Baba. Asalinsa ɗan maƙera ne, ya koyi walda a hannun masu gyaran motocin auduga. Bai yi boko ba, amma in ya ɗinke ƙarfe sai ka rantse haka aka ƙero shi. Injinsa wani tsohon akwati ne mai amfani da wutar AC, wanda ake jona wa janareton gareji yana ta gurnani. Wayar waldar da ya saba da ita kuwa ita ce mai lamba 6013, wadda ba ta da fitina, ko a kwali ka ajiye ta za ta yi maka aiki. Injiniya yake kirana, amma da wata irin murya da ke sa direbobi dariya. Yakan ce in riƙe littafina da kyau kada iska ta ɗauke, don in ya ɓace shi ke nan garejin ya rushe. Ni ma nakan ce masa ya bi ni a hankali, wata rana ni zan sa hannu a takardar fanshonsa. Haka muke, ba gaba, ba raini.

Ana nan sai aka sauke mana sabon injin walda daga ƙasar waje, mai tayoyi da injin dizal nasa na kansa, yana ba da wutar DC. Zamanin ne na sabo ya zo tsoho ya tafi. Shugaban sashenmu, wani mai son a gan shi da sababbin kaya, ya ba da umarni a fitar da tsohon akwatin a ranar, ya ce ba zai yarda baƙi su zo daga hedikwata su ga wannan tarkace ba. Ban san inda aka kai shi ba har yau. Ya kuma hana a sake sayen tsohuwar waya, ya ce tsohon yayi ce. Aka ɗora min alhakin koya wa Baba sabon inji. Na bayyana masa cewa a wutar AC, kai-da-kawo wutar take yi, don haka duk yadda ka haɗa igiyoyi biyun da ke fitowa daga injin daidai ne. A DC kuwa hanya ɗaya take bi, kuma sabuwar wayar da aka kawo tana son a haɗa igiyar mariƙinta, wato abin da mai walda ke damƙe wayar da shi, a bakin da ke da alamar tarawa, ɗaya igiyar da ake maƙala wa ƙarfe kuma a bakin alamar ɗebewa. Ya saurara, ya gwada ta nan, ya juya ya gwada ta can, ya ce lallai yau littafi ya yi gaskiya, don da ya juya sai wutar ta riƙa tofar da yawu kamar raƙumi. Nan take ya yago wani jan ƙyalle ya ɗaure a kan igiyar mariƙin, ya ɗaura wani a jikin bakin tarawa. Ya ce tunda idonsa bai san tarawa da ɗebewa ba, ai ya san ja. Cikin mako guda ya fi ni sanin injin nan. Har ya ce ya fi tsohon laushin wuta, kodayake ya roƙe ni kada in gaya wa kowa ya yabe shi.

Sabuwar wayar mai lamba 7018 ce. Waya ce mai ƙarfi ƙwarai, an yi ta ne don ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, amma tana da sharaɗi ɗaya: ba ta shiri da laima ko kaɗan. In garin da ke jikinta ya sha danshi, ɗinkin zai iya yin kyau a ido alhali cikinsa ramuka ne da tsagu. Shi ya sa aka kawo ta a cikin dogayen gwangwanaye masu murfin da ko iska ba ta shiga, kuma littafin ya ce in an buɗe a riƙa ajiye ta a wani ɗan tanda mai ɗumi. Tandan bai zo tare da injin ba, an ce yana hanya. To, a nan ne abin takaicin ya fara. Gwangwanayen nan sun shiga idon manyan ma'aikata. Wani ya gano cewa ba abin da ya kai su kyau wurin ajiyar sukari da garin madara da ganyen shayi a lokacin damina. Kafin wata biyu, an bi su ɗaya bayan ɗaya an fasa, an zazzage wayar, an ɗaɗɗaure ta da igiyar rama kamar damin kara, an jingine a sito, sito kuwa mai yoyo ne. Gwangwanayen suka bi bayan motoci zuwa gidaje. Na gani da idona. Na yi niyyar rubuta takarda, har na fara, sai na tuna wanda zai karanta takardar shi ne ya ɗauki guda huɗu. Na ce bari in jira lokacin da ya dace, na sa ta a aljihun tebur.

A tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, aka kawo wata tirela da wuyanta ya tsage, wato dogon ƙarfen da ke haɗa ta da tarakta. Ana gaggawarta don kai takin zamani ƙauyuka kafin masara ta wuce lokacin sa taki. Baba ya je sito ya ɗebo waya, ya kira ni gefe. Ya riƙe guda biyar a tafin hannunsa ya karkaɗa su kusa da kunnena, ya ce in saurara. Ya ce busasshiyar waya ƙara take yi garau kamar an kaɗa cokula, wannan kuwa ji yadda take amsawa a dakushe kamar ɗanyen kara. Ya ce wayar nan ta sha ruwa ta ƙoshi, kuma shi ba zai ɗora ran mutane a kanta ba. Ya kawo shawara biyu. Ko a tura mota Funtuwa a nemo gwangwanin da ba a fasa ba, ko kuma in ba shi izini ya kai wayar gidan wani mai burodi a cikin gari, a sa ta a tanda bayan an kwashe burodi ta gasu sosai. Ba zan ce lallai tandan burodi zai wadatar ba, don ban auna zafinsa ba. Amma na sani a raina, tun a lokacin, cewa dattijon nan ya fahimci abin da littafina ke faɗa ba tare da ya karanta ba.

Na je wurin shugaba na kai maganar, amma irin kaiwata. Maimakon in ce wayar ta lalace, sai na ce akwai alamun cewa mai yiwuwa wani ɓangare nata ya ɗan sha danshi. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya tambaye ni ko a jami'a an koya mana gasa kayan gwamnati a gidan burodi, ko kuwa so nake a ce ma'aikatarsa ta koma sayar da waina. Ya ce tsofaffin nan haka suke, in sabon abu ya fi ƙarfinsu sai su nemi abin da za su laƙa wa laifi. Ya ce tirela ta fita gobe da safe, in ba haka ba ni zan yi wa hedikwata bayani a rubuce. Da na ji kalmar a rubuce sai na fasa ja da shi. Na koma gareji na ce wa Baba ya yi haƙuri ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya dube ni ya ce to Injiniya, tunda mai littafi ya ce a yi, za a yi, amma in shaida ya faɗa.

Ina tsaye a kansa ya yi aikin nan. Jan ƙyalle yana kan jan ƙyalle, na duba da kaina kamar yadda na saba. Wutar ta riƙa fartsatsi, in ya ɓamɓare ɓawon da ke kan ɗinkin sai ka ga ƙananan huda kamar allura ta bi wurin. Sau biyu yana kankare ɗinkin da injin gurza yana sakewa, har ya ƙara wani ƙarfe a gefe don tallafi. Da ya gama saman ya yi kyau, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce in gaya wa direba kada a wuce rabin kaya, kuma kada kowa ya hau bisa. Na gaya wa direban da baki, ban rubuta ba, don in na rubuta na amsa ke nan cewa akwai matsala. Direba ya ce ya ji. Amma wa zai fita da rabin kaya a lokacin da manoma ke layi suna jiran taki? Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, a wata gangara kusa da Sheme, wuyan tirelar ya ɓalle. Ta ƙwace da cikakken kaya ta faɗa kwalbati. Akwai wani magidanci manomi da ya roƙi a rage masa hanya yana zaune kan buhuna. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafarsa ta dama sai da aka yanke.

Aka kafa kwamiti, aka zo daga hedikwata. Kafin su iso shugaba ya riga ya shirya labarinsa: wai tsohon ya saba da injin AC inda ba ruwanka da wace igiya ke ina, shi ne ya juya igiyoyin a sabon inji, ɗinki bai kama ba. Labari ne mai daɗin ji, don yana da kamar ilimi a ciki, kuma bai taɓa kowa ba sai mutum ɗaya da ba ya jin Turanci. Da Turanci aka yi zaman, alhali duk wanda ke ɗakin da Hausa ya yi mafarki a daren jiya. Da aka kira Baba ya yi bayanin gwangwanaye, sai shugaba ya katse shi ya ce an buɗe su ne don tantance kaya. Da ya zo kan ƙarar waya, ya kwatanta da hannunsa yadda ake karkaɗawa, sai wani daga cikin baƙin ya tambaya ko mai walda aka ɗauka ko makaɗi. Ɗakin ya ɗauki dariya. Har yanzu ina jin dariyar nan. Mutanen da ba su taɓa riƙe mariƙin walda ba, waɗanda a ranar ma da sukarin cikin gwangwanayen nan wasunsu suka sha shayi, suna yi wa mutumin da ya fi su gaskiya dariya. Sai Baba ya juyo ya nuna ni, ya ce a tambayi Injiniya, yana wurin.

Shugaban kwamitin ya yi min tambaya ɗaya tak. Ya ce a matsayina na masani, shin zai yiwu an juya igiyoyin? Amsar gaskiya kalma ɗaya ce, a'a, don na ga ƙyallen. Amma na ɗaga kai na ga idon shugabana a kaina, na tuna mahaifina da ya sayar da shanun nomansa don karatuna, na tuna takardar da ke aljihun tebur wadda in aka tono za a ce me ya hana ni aikawa. Sai na ji bakina yana cewa a ƙa'idar aiki irin wannan kuskure yana faruwa ga waɗanda suka saba da AC, kuma ba za a iya kore yiwuwarsa gaba ɗaya ba, kodayake akwai wasu dalilai da ya kamata a duba. Ban yi ƙarya ko ɗaya a cikin jimlar nan ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina shekara da shekaru. Amma magatakarda ya rubuta rabin farko ya bar na biyun, ba wanda ya tambaye ni waɗanne dalilai, ni kuma ban ƙara ba. Aka fassara wa Baba cewa Injiniya ya ce zai yiwu. Ya gyaɗa kai kawai.

Aka sallame shi bisa sakaci. Ranar da zai tafi ya bi kowa ya yi sallama har da ni, ya ce Allah ya ƙara girma. Bai kwance ƙyallayen ba, wanda aka ɗauka a madadinsa ma da su ya riƙa gane igiyoyin. A cikin makon aka kwashe jiƙaƙƙiyar wayar aka zubar a rami a bayan gareji ba tare da wata sanarwa ba. In igiya ce ta jawo haɗarin, me ya sa aka binne waya? Da Sallah ta zo na je gaisuwa gidan shugaba kamar yadda ƙananan ma'aikata ke yi. Aka kawo mana cincin a cikin dogon gwangwani, da lambar 7018 ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ya buɗe da kansa yana miƙo min, yana yaba shi, wai tun kafin azumi aka soya amma ji yadda yake ƙaras-ƙaras, gwangwanin nan ko kaɗan ba ya barin laima ta shiga. Ashe ya san amfaninsa sarai. Wallahi na ji kamar in kife shi a kan kafet ɗin. Amma na ɗauka na ci, har na ce an gode.

Na yi shekara bakwai, in ban ɓata lissafi ba, kafin in iya taka ƙafa Mairuwa. Na same shi a wata rumfa a bakin hanya yana ƙera lauje da fartanya, ya koma sana'ar kakanninsa. Maƙwabcinsa ya gaya min ya taɓa buɗe wurin walda amma ya rufe, don a duk kasuwannin yankin an san shi da wanda waldarsa ta cinye ƙafar mutum, ba mai kawo masa ko amalanke. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura, ya tambaye ni ko littafin yana nan ko iska ta ɗauke. Na fara dogon bayani, ina cewa yanayin lokacin ne, abubuwa sun haɗu sun yi yawa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce shi tambaya ɗaya gare shi, kuma don Allah in amsa da kalma ɗaya ko da sau ɗaya ne a rayuwata: ranar nan, na ga jan ƙyalle a wurinsa ko ban gani ba? Na ce na gani. Ya ce to alhamdulillahi, dama ya fara shakkar kansa, wani lokaci yana cikin salla sai ya riƙa tunanin ko dai da gaske ya juya. Wannan magana ta fi komai ƙona ni. Ba aikinsa kaɗai muka ƙwace ba, har yaƙinin da yake da shi a kan hannunsa.

Na roƙi gafara, ya ce nasa ya yafe, amma akwai wanda ya fi shi buƙatar jin wannan kalma. Washegari ya sa na ɗauke shi a motata muka tafi Sheme. Muka sami mai ƙafa ɗayan nan a ƙofar gidansa yana saƙar igiya, da mutane biyar ko shida a zaune. Da ya gane Baba sai ya kau da kai. Na durƙusa a gabansu na faɗi komai, gwangwanaye, karkaɗa waya, gidan burodi, rabin kaya, da amsar da na bayar. Ban sa wataƙila ko ɗaya ba. Mutumin ya ce shekara bakwai yana kai ƙarar wanda bai cuce shi ba wurin Allah. Ya miƙa wa Baba hannu. Ni bai miƙo min ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baba bai sake riƙe mariƙin walda ba, idonsa ya riga ya yi rauni, kuma bai fi shekara biyu ba bayan nan ya rasu. Takardar da na aika hedikwata don a gyara rahoton, har na yi ritaya ba a amsa ta ba.

Abin da nake so in bar wa masu karatu, musamman matasa masu walda da ke barin AC suna komawa DC a yanzu: ku san bakin da kowace igiya ke shiga, ku tambayi abin da wayarku ke so kafin ku saye ta don jin sunanta, kuma in mai gudun laima ce, kada ku fasa gwangwaninta sai kuna da inda za ku adana ta. In tsoho a sana'a ya ce muku abu bai yi masa ba, ku tsaya ku ji, ko da bai iya faɗarsa da Turanci ba. Ku kuma 'yan'uwana masu takardu, ku ji tsoron Allah a kan kalmomin da muke ɓuya a bayansu. Taka-tsantsan yana da wurinsa, a inda ba ka sani ba. Amma in ka gani da idonka aka tambaye ka, ka ce mai yiwuwa, to ka ba da shaidar zur ne da lafazi mai tsabta, kuma wani ne zai ɗauki nauyinta. Ni na ga ƙyallen nan, ja ne, yana inda ya kamata. Na faɗa a ƙarshe, amma a ɗakin da faɗar za ta yi amfani ban faɗa ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa Baba a addu'a, ni kuma ya roƙa min gafara.